Zuciyar da Ba Ta Gaggawa

Ranar da Surajo ya fara ganin Lubabatu, kifi ya kawo wa mahaifinta, bai san za a kama masa hannu ba.

Alhaji Garba dillalin banda ne a kasuwar Yelwa, mutum mai jiki, irin wanda in ya zauna a benci to bencin ya zama nasa shi kaɗai. Tun da aka ce yana da hawan jini ya sayi na'urar awo ya ajiye ta a rumfa kusa da sikeli. Ya iya ɗaura ta, lambobin ne ba ya gani sosai, sai 'yarsa Lubabatu ta karanta masa in ta kawo abincin rana bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa. Kuma Alhaji ba ya awo shi kaɗai. Duk wanda tsautsayi ya kawo a lokacin, sai ya miƙa hannu.

Surajo ya jima zaune yana jiran a duba kifinsa, kansa a sunkuye, har ya fara gyangyaɗi. Masunci ne daga gefen Wara, dogo, ba ƙiba, damatsansa kamar an murɗa igiya.

"Kai ɗan Wara, taho a gwada ka," in ji Alhaji.

Aka ɗaura, na'ura ta yi ƙugi ta saki. Alhaji ya miƙa ta bayan buhuna, inda 'yarsa ke zuba miya.

"Jininshi lahiya lau, Baba," in ji wata murya. Sai ta sake duba na'urar. "Amma bugun zuciya arba'in da takwas."

Sai a lokacin Surajo ya ɗaga kai, ya ga mai muryar. Doguwar fuska, mayafi ruwan ƙasa, ta kafe shi da ido kamar wadda ke duba ko da rai a jikinsa.

"Arba'in da mi?" Alhaji ya karɓe na'urar ya jijjiga ta. "Ni casa'in da huɗu nika bugawa kullum. Batir ya mutu, dai."

Aka yi dariya aka bar maganar. Surajo kam bai bar komai ba. Daga ranar ya zama ba shi da dillali a duk Yelwa sai Alhaji Garba, kuma ba shi da lokacin kawo kifi sai na abincin rana.

Kafin damina ta wuce ya samu lambarta, ta hannun yayarta Rahila. Lubabatu ta adana tasa lambar da sunan da ta ga ya dace da shi.

"Arba'in da takwas, ka isa gida lahiya?"

"Na isa, Lubana. Iska ta taso wajen tsakiyar ruwa, amma da na tuna murmushinki sai hannuna ya ƙara ƙarhi."

"Daɗin baki. Mutumin da zuciyatai ba ta ko motsi shina ce mini soyayya?"

"Tana motsi. Ba ta dai gaggawa, don ta san inda za ta."

Ta karanta wannan ya fi a ƙirga, tana dariya ita kaɗai har mahaifiyarta Inna Saratu ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Matsalar ta fara ne ranar da magabatan Surajo suka aiko neman izini. Alhaji ya ce a turo yaron zaure. Bayan gaisuwa, ko ruwa bai bari ya gama sha ba, ya jawo na'urar daga ƙarƙashin tabarma. Sabon batir ya sa mata da safe, da gangan. Ya gwada, ya shiga cikin gida da ita ya nuna wa Lubabatu. Arba'in da takwas. Ya fito ya sake gwadawa a ɗaya hannun, ya koma. Arba'in da tara. Da ya fito karo na uku fuskarsa ta canza.

"Yaro, hwaɗa mini gaskiya. Mi ad damuwarka?"

"Wallahi Baba ban da ciwon komi."

"Haka wancan ma yac ce."

Wancan ɗin mijin Rahila ne. Danginsa sun san yana da ciwon zuciya suka ɓoye, aka yi biki, shekara ba ta zagayo ba ya faɗi a bakin masallaci bai tashi ba. Rahila ta dawo gida da ciki da takaba, kuma tun daga lokacin ba a ƙara jin dariyarta da ƙarfi ba. Alhaji ya rantse ba za a sake yi masa haka ba. A lissafinsa kuwa abin a fili yake: shi da yake ƙato, mai cin tuwo malmala biyu, zuciyarsa na buga casa'in da wani abu. To wanda tasa ke buga rabin haka, ai rabin rai gare shi.

Akwai kuma Jamilu, ɗan aminin Alhaji, ma'aikacin ofis mai mota da tumbi, wanda ya daɗe yana son Lubabatu tana kauce masa. Shi ma an taɓa gwada shi a rumfa, ya buga casa'in, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce ga lafiyayyen namiji. Da labarin zaure ya kai masa, sai ya zo da nasa bayanin, cikin murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin faɗa.

"Baba, ni ban ce komi ba. Amma matuƙan nan da ka shiga tseren jiragen ruwa na Rigata, kowa ya san wasunsu ƙwaya suka sha. Ita ka kwantar da zuciya hakanan. In ba haka ba, wa ka tuƙa jirgi da hannu tun sahe har yamma bai gaji ba?"

Maganar ta zauna daram a kan Alhaji. Ko ciwo ko ƙwaya, duk wanda ya zama, ba ya ba da 'yarsa. Ya ce wa Inna Saratu ta gaya wa Lubabatu ta cire yaron daga ranta.

Abin da ya fi ciwo shi ne ita ma zargin ya shige ta. Ta fara tuna abubuwa. Idanunsa da ke ja wani lokaci. Yadda ba ya haki ko ya ɗauko kwando biyu daga bakin ruwa. Yadda yake gyangyaɗi a rumfa ranar farko. Ta san rana da iskar tafki na sa ido ja, ta san mai fita kamun kifi tun asuba dole ya yi gyangyaɗi, amma zargi in ya shiga zuciya komai sai ya zama shaida. Da ta dubi Rahila tana shayar da marainiyar 'yarta, sai ta ɗauki waya.

"Surajo, don girman Allah ka hwaɗa mini. Kana shan wani abu? Ko akwai ciwon da kaka ɓoye mini?"

Ta ga alamar ya karanta. Bai amsa ba ranar, bai amsa ba washegari. Kifinsa ma bai zo rumfa ba. Jamilu ya zo zance da lemo da kaza, ya ce, "Kin gani ko? Mai gaskiya ba ya ɓuya." Ta bar masa lemonsa ta shige ciki ta yi kuka, ba don ta yarda da shi ba, sai don ba ta da abin da za ta mayar masa.

Sai ga saƙo ya shigo tana cikin aji.

"Lubana, tambayarki ta yi mini zahi, ban ɓoye miki ba. Ƙwaya ban taɓa sa ta bakina ba, Allah shi ne shaida. Ciwo kuwa ban sani ba, ban taɓa zuwa asibiti ba. Shi na zauna ina tunani. In ya tabbata ina da shi, ni da kaina zan janye, ban yarda ki zama awa Rahila ba. Ki ce ma Baba shi zaɓi likitan da yaka so."

Ta kifa wayar a kan tebur, ta ce wa yara su karanta shafi na gaba, ta fita baranda ta share ido.

Alhaji ya karɓi tayin, amma irin karɓar mai zargi. Ya ƙi faɗin rana, ya ƙi faɗin likita, wai kada a je a shirya baki ko a daina shan abin kwana biyu. Wata Talata Surajo na sauke kwando, sai kawai ya ji an riƙe masa riga.

"Aje kihin nan. Hau kabu-kabu, mu tahi," in ji Alhaji.

Likitar da Alhaji ya zaɓa, Dakta Nafisa, ba ta san ɗayansu ba, dalilin zaɓenta ke nan. Ta saurari ƙirjin Surajo, ta sa aka manna masa wayoyi aka ɗauki zanen bugun zuciyarsa, aka karɓi fitsari da jini. Alhaji ya bi shi har ƙofar banɗaki ya tsaya gadi. Ta tambaye shi ko yana jin jiri, ko ya taɓa suma, ko ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na ɗauke masa. Duk ya ce a'a.

"Aikin me kake yi?"

"Su nika yi. Injin jirginmu ya lalace tun ina yaro, da hilahili nika tuƙi."

Da sakamako ya fito ta kira su tare. Ta ce babu alamar ƙwaya, zanen zuciyar kuma lafiya lau. Ta ce yawancin manya in suna hutawa zuciyarsu na buga tsakanin sittin da ɗari a minti, amma wanda ya shekara yana aikin ƙarfi irin tuƙi ko gudu, zuciyarsa kan yi ƙarfi har bugu ɗaya ya tura jinin da ta wani sai ta buga kusan biyu. Shi ya sa ba ta buƙatar sauri. Da yana jiri ko suma, da maganar ta zama daban.

Surajo ya sauke numfashi, ya rufe fuska da tafin hannu. Alhaji kuwa bai gamsu ba tukuna.

"To ni da nika buga casa'in da huɗu fa, likita? Ba ni na hi shi lahiya ba?"

Ta dube shi, ta dubi kujerar da ya cika. "Alhaji, hau sikelin can."

Ya hau yana gunaguni. Ta gaya masa a hankali cewa lambarsa ba ta fita iyaka ba, amma tana can sama, kuma ba alamar ƙarfi ba ce. Jiki mai nauyi da yawan zama ne ke sa zuciya ta yi ta fama ko mutum na kwance, ga kuma hawan jini. Ta ce ya rage tuwon dare da mai, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, ya ci gaba da shan maganinsa.

Da suka dawo bakin rumfa Alhaji ya tsaya, bai dubi Surajo ba ya ce, "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Tsoro ne, yaro. Na taɓa ganin ɗiyata cikin takaba."

"Na sani, Baba. Ni ma da ni ne, haka zan yi."

"To. Ka ce ma mutanenka su taho." Ya waiga hagu da dama. "Kuma in ka kawo kihi da sahe, ka biyo ta gida mu taka zuwa bakin ruwa. Kar ka hwaɗa ma kowa."

Kowa ya sani kafin sati ya ƙare, don Alhaji Garba ba mutumin da zai bi titi a ƙasa a rasa ganinsa ba ne. Jamilu ya daina zuwa rumfa, an ce ya ji labarin sikelin likita.

Ita kuwa Lubabatu, tun ranar da suka dawo daga wajen likita ta tura wa Surajo saƙo.

"Ka yahe mini, masoyina. Na bari tsoro ya hi ƙarhin abin da na sani game da kai."

"Na yahe tun kahin ki roƙa. Amma sunan nan na arba'in da takwas, yanzu likita ta sa mishi hannu."

"Ta sa. Saura ka nuna mini tana motsi don ni."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Masunta suka zo daga Wara da Shanga cikin jirage, aka dafa giwan ruwa har maƙwabta suka gaji da ci. Da la'asar ango ya shigo zaure gaida surukinsa, sai ya tarar da na'urar a kan tabarma tana jiransa. Alhaji, wanda babbar rigarsa ta fara yi masa yawa, ya ce tasa yanzu tamanin da biyu take bugawa, a gwada ta ango a gani.

An ɗaura masa ita ke nan guɗa ta tashi daga cikin gida. Rahila ce ta riƙo amarya za ta kawo ta sallama da mahaifinta, lulluɓe, ƙamshin turare na gaba da ita. Surajo ya ɗaga kai. Na'ura ta yi ƙuginta ta saki.

Alhaji ya kanne ido bai gane lambar ba, ya miƙa wa 'yarsa kamar yadda ya saba. Ta ɗan ɗaga mayafi ta duba. Ta sake dubawa.

"Nawa?" in ji Alhaji, hankalinsa ya fara tashi.

"Ɗari da biyu, Baba."

"Subhanallahi! Mi yas same shi?"

Rahila ce ta fara fashewa da dariya, irin dariyar da gidan bai ji ba tun rasuwar mijinta, har ta dafa bango. Inna Saratu ta kama daga bayan labule. Ango ya sunkuyar da kai, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi waccan, sai ya gane. Ya kwance na'urar a hankali ya ajiye ta gefe, ya share ido da hannun riga.

"Wagga cuta ba ta likita ba ce," in ji shi. "Ga ta nan na ba ka, Surajo. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi bar ku tare har tsuhwa."

Duk zauren ya amsa da amin.