Kujerar Lilon Mika'ilu Kafinta

Ranar da Mika'ilu kafinta ya buga ƙusar ƙarshe a kujerar lilonsa, gab da magariba ne, kaji sun fara shiga akurki. A gidan wani Bature ya ga irinta lokacin da yake aiki a Reluwe, ya rantse sai ya yi wadda ta fi ta. Mika'ilu mutum ne mai ji da hannunsa. Duk Ƙofar Kibo babu mai aikin katako kamarsa, kuma shi ne kan gaba wajen faɗin haka.

Ƙafafun lilon ne suka ba shi wuya, don sai da ice mai lanƙwasa. Ya samu reshen da yake so a jikin tsohuwar tsamiyar gindin ganuwa. Kowa a birni ya san ƙa'ida: ka yi wa itacen sallama, ka roƙi masu gida, wato aljanun ciki, su kwashe kayansu, ka ba su kwana uku. Mika'ilu ya ce su a Reluwe ba su taɓa neman izinin katako ba. Ya sa zarto ya yanke abinsa.

Yana tattara kayan aiki a yammacin da ya gama aikin sai kujerar ta motsa. Babu iska, babu kowa a kanta. Ta yi gaba, ta yi baya, a hankali. Sai dutse ya faɗo tsakar gida, wani ya biyo shi. Kande matarsa ta leƙa lungu, ba ta ga kowa ba.

Kwana uku ana jifa duk magariba. A na huɗu suka tarar da 'yarsu Hajo, mai shekara goma sha ɗaya, zaune a kujerar, ta rungume abin da ido ba ya gani, tana rarrashinsa da muryar babbar mace. A ɗauke ta, ta koma. Ta daina ci, ta daina sha. Kafin mako awarwaronta ya fara zamewa daga hannu, tsoro ya kama Mika'ilu sosai.

Aka ɗauko Malam Zailani daga Kusfa, tsoho marar son surutu. Ya sa turare a kasko, ya zauna gaban yarinyar yana karatu har rana ta yi ja. Sannan kujerar ta tsaya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai reshen nan," muryar ta amsa daga bakin Hajo. "A kansa nake lilo da jaririna. Wancan ya zo da zarto, ko sallama babu. Ɗana ya faɗo."

"Ya rayu?"

"Ga shi a hannuna. Ka ji yana kuka?"

Babu wanda ya ji kuka. Kande ta toshe bakinta da gefen zane.

"Baiwar Allah, yarinya ba ta yanke reshe ba," Malam ya ce. "Ki sake ta. Za a mayar da icen gindin tsamiya, a yi sadaka."

"Ba na so. Shi zai zaɓa. Ko hannun da ya riƙe zarton ya shanye, ko in tafi da 'yar."

Ni ba zan ce Mika'ilu ba ya son 'yarsa ba. Yana sonta. Amma ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana.

"Malam, a tambaye ta, na hagu ba zai yi ba?"

Malam Zailani ya sunkuyar da kai. Nan take Mika'ilu ya ji abin da ya faɗa, ya ce ta ɗauki na daman, ta ɗauka duka biyun. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Riƙe hannunka, kafinta. Ban toshe wa 'yarka kunne ba. Ta ji."

Hajo ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo, uwarta kaɗai ta nema.

Jifa ya tsaya. Yarinya ta warke, ta yi ƙiba, hannun Mika'ilu kuwa lafiya lau, ya ci gaba da aikin da ake yabo. Hajo ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba. Kullum ita ke kai masa tuwo. Takan durƙusa da ladabi, ta ajiye kwanon a gefensa na hagu, ta tashi ba ta dube shi ba.