Suwaitar da Ba Ta Kai Ƙugu Ba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon wanki da guga, Dogo ya ƙona kwalar rigar wani garin kallonta. Kayan babanta ta kawo, zaren ulu na leƙowa daga jakarta, don saƙa ce sana'arta. Ita ta nuna masa hayaƙin, tana danne dariya. Kafin wata uku ta zama Zumata a wayarsa, shi kuma Dogona a tata.

Baba, mahaifin Auta, shi ne ya ƙi maganar aurensu. Labarin kwalar ya kai masa, ya ce mai sakaci da rigar mutane ba zai iya riƙon 'yar mutane ba. Ga kuma mai kantin magani, ɗan gayu mai mota, kullum yana gidan yana auna wa Baba jini ba tare da an kira shi ba.

Wata safiya Baba da kansa ya shigo shagon ya ajiye leda. Suwaita ce ruwan toka, sai warin kafur take. Ya ce marigayiya uwar Auta ce ta saƙa masa, shekara ashirin tana akwati, jibi yake son ta. Ya juya ya fita.

Dogo ya ga ƙofa ta buɗe masa. Da hannunsa ya wanke ta, har ya ɗan ƙara ruwan zafi don warin ya fita. Da ta bushe ya ɗora ta a kan wata rigar Baba da ke jiran guga, sai gabansa ya faɗi. Suwaitar ko ƙugu ba ta kai ba.

Ya tura wa Auta saƙo: "Zumata, na kashe kaina. Suwaitar da Mama ta saƙa ta tsuke a hannuna. Ina jin mai magani ya yi nasara."

Amsa ta zo nan take: "Wato har ka sallama ni saboda riga? Kar ka ƙara taɓa ta. Ga ni nan."

Ta iso fuska a ɗaure, ko gaisuwa babu. Ta sa ya kawo ruwa mai ɗan ɗumi a roba, ta zuba man laushin gashinta, suka jiƙa rigar rabin awa. Ya kai hannu zai matse ta buge hannun. A tawul suka naɗe ta, suka danne ruwan, suka shimfiɗa ta a teburin guga. Ita ta riƙe kafaɗu, shi yana jan bakin ƙasa.

"A hankali, Dogona, ba igiyar rijiya ba ce."

Da ya ji sunan ya san an yafe masa. Kaɗan-kaɗan suka ja, tana awo da tef, tana kafe gefen da fil, har rigar ta ƙaru da kusan taƙi guda. Suka bar ta ta bushe a shimfiɗe. Tana tafiya ta ce masa ba wanda zai gane, kar ya faɗa wa kowa.

Ranar da ya kai ta gidan su Auta, ya tarar da mai magani a falo yana naɗe abin awon jininsa. Baba ya karɓi suwaitar ya zura a ka. Ta sauka sumul har ta rufe bel. Ya daɗe yana kallon bakin rigar, sannan ya tambayi abin da aka yi mata.

Auta na bakin ƙofa tana girgiza wa Dogo kai. Dogo ya durƙusa ya faɗi komai, ruwan zafin, man gashin, har fil ɗin. Ya ce laifin nasa ne shi kaɗai. Mai magani ya gyara murya ya ce shi dama bai yarda a ba ƙananan shaguna kaya masu daraja ba.

Baba ya fara dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

"Ba ta tsuke ba, ɗana. Haka take tun ranar farko. Zare ne ya ƙare wa uwar Auta, ta ce za ta ƙara mata tsawo, Allah bai nufa ba. Ban taɓa iya fita da ita ba sai yau."

Dogo ya zauna dirshan a ƙasa. Auta ta rufe fuska da mayafi, ba a san kuka take ko dariya ba.

Baba ya shafa hannun rigar, ya ce ko da Dogo ya ɓoye maganar ba mai tuhumarsa, amma ya zaɓi ya faɗa. "Ka turo min manyanka."

Mai magani ya tuna ya bar kanti a buɗe.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, Baba ya haɗa hannayensu cikin nasa, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare. Dogo ya sunkuyar da kai yana share hawaye. Auta ce ta ce amin, nata da nasa.