Motar Da Ake Zuba Wa Nono

Ɗan ƙaramin aike ne ya kai Fidèle garin Tibiri ran nan, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Injin niƙa ya gyara, ya kai wa masu shi a babbar motar mishan. A hanyar komawa Dogon Dutsi, rana ta yi ja, ya ratse wani ƙauye don ya ba radiyato ruwa. A bayan rijiyar ƙauyen ya gan ta.

Baƙar mota ce mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar kada, rairayi ya cinye ƙafafunta har rabi. Kusa da ita kututturen wata tsamiya ne da ta mutu. Shi kuwa Fidèle makanike ne, irin waɗanda in sun ga inji sai su manta ko sun ci abinci. Ya ɗaga murfin injin. Silinda shida a jere. Sai da ya ambaci sunan Ubangiji.

Abu ɗaya ya dame shi: tsamin nono. Murfin injin duk ya yi fari da busasshen nono, ƙudaje na bi.

"Sauke hannunka, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce tsaye da ƙwarya a hannu. Kubra sunanta, ita ke kula da wurin.

"Gwaggo, motar wa ce?"

"Wani Nasara na yaz zo da ita da gudu, zamanin da suka yin tseren motoci cikin hamada. Yab bugi tsamiyagga. Shi yat tashi yat tahi abinai, tsamiya tam mutu. Mai tsamiya ta rasa wurin zama, sai tak koma cikin motar. Mu ka ba ta nono, ita ko ta bar muna ɗiyanmu lahiya."

"Wace ce mai tsamiya?"

"Ba a hwaɗin sunanta da magariba."

Fidèle ya yi dariya, ba ta raini ba, dariyar wanda ya riga ya yanke shawara. Bayan kwana uku ya dawo da takarda daga biro, wato ofishin hukuma, mai tambari har biyu, wai motar ba ta da mai ita. Da ya nemi a kama masa igiya, mazan ƙauyen suka zuba masa ido, babu wanda ya motsa. Shi kaɗai ya tone ta, ya ɗaure, ya ja ta zuwa Dogon Dutsi. Kubra ta matso da ƙwaryarta. Ta juye nonon a ramin da motar ta bari.

Wata bakwai ya yi a kanta. Da ya tashi daga aikin mishan sai ya shige rumfar da ya yi mata. Ya warware injin ƙusa-ƙusa, ya wanke da kananzir. Ya goge kan silinda da yashi mai laushi a bisa gilashi don ya ƙara mata ƙarfi. Inda Nasara ya sa karburato ɗaya mai shayar da inji fetur, shi biyu ya ɗora. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga allurar gudun nan ta kwanta a ƙarshe, a hannun baƙar fata, a kan hanyar Arewa. Ƙarafan sifirin na baya guda takwas, masu ɗaukar nauyin motar, sun gaji, sai ya musanya su da na wata tsohuwar motar soja. Tsofaffin ya ba Ɗantala maƙeri, kamar yadda kowane makanike ke yi, don ba ƙarfen da ke yin hauya mai kyau kamar na sifirin mota.

Matarsa Tabita ta gaji da magana, ta koma yi masa ba'a, wai a kai masa tabarma rumfar a huta. 'Yarsu ɗaya, Lea, shekararta bakwai, ita ke kai masa tuwo da yamma. Yarinyar ba ta san tafiya ba sai gudu. Tun daga kwanar coci yake gane takunta.

Sai dai akwai wata ƙara da ta gagare shi. Kacau. Daga wajen kujerar baya. Fidèle yana alfahari da kunnensa, don injin da ya yi tari sau ɗaya a gabansa ya gama tona asirin kansa. Ya ɗaure kowane noti. Ya cire kujerar, ya mayar. Da ya juya baya sai ya ji: kacau. Kuma duk sabulun da ya ƙarar a kan motar, tsamin nonon bai fita ba.

Ranar da ƙafar motar ta baya ta hagu ta fara juyawa, Lea ta zo da tuwo tana jan ƙafar hagu. Aka ce ƙaya ce. Ba a ga ƙaya ba.

Ranar da injin ya tashi, ƙararsa ta cika unguwa, maza suka taru suna tafi, Fidèle ya yi hawayen murna. Ya isa gida ya tarar da Lea zaune a tsakar gida, tana dukan cinyoyinta da hannu.

"Baba, ba su ji na."

Masera, sistar asibitin mishan, ta duba, ta yi allura, ta girgiza kai. Aka yi addu'a a coci. Maƙwabta Musulmi suka aiko da rubutu, Tabita ta karɓa ba ta tambayi kowa ba. A banza. Mutuwar jikin ta tashi daga gwiwa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ciki. Mata suna ta raɗa cewa shan Inna ne. Fidèle ya san abin da suke nufi, ya kuma ƙi sani, domin yarda da su yarda ce cewa shi da hannunsa ya jawo.

Ran Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, bayan azahar, sai ga Kubra ta yi sallama. Tabita ce ta aika mata a ɓoye. Tsohuwar ta ɗora tafin hannu a ƙirjin yarinyar, ta saurara. Numfashin yana fita da ƙyar, kamar zuga-zugin da ya huje.

"Ka ba gidan mai tsamiya ƙahwahu, ita ko ta amshe na ɗiyakka," ta ce. "Yanzu ta kawo ga ƙirji. In rana ta hwaɗi yau Doguwa ba ta koma wurinta ba, lumhwashi za ta ɗauka."

"Gwaggo, ni Kirista ne..."

"Ita ba ta tambaye ka ba. Ka maida ta, da duk abin da kaɗ ɗauko. Duk. Ko ƙusa kak ka bari."

Tabita ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Tun aurensu ba ta taɓa yin haka ba.

"Baban Lea, don girman Allah. Ita kaɗai gare mu."

Ya fita da gudu. Sa'arsa ɗaya, makanike ba ya zubar da ƙarfe. Tsohon karburato, tsatsattsun notuna, ruɓaɓɓun tayoyi, duk ya kwaso ya jibga a kujerar baya. Sai ya tuna da sifirin. Ya nufi maƙera.

Ɗantala yana tsakiyar ƙira ya ga mutum ya faɗo masa maƙera kamar mahaukaci. Ya jawo ƙarafan daga bayan uwar maƙera. Bakwai.

"Ina na takwas?"

"Na ƙera hauya da shi, na saida tun kasuwar da taw wuce."

"Wa ka saida wa?"

"Haba Fidèle! Wani baƙauye na. Ko Sukukutane yah hito, ko ina, wa yas sani?"

Fidèle ya ɗaga kai. La'asar ta yi sakaliya. Tafiyar da babbar mota ke yi cikin awa biyu, shi ko ɗaya ba shi da ita. Ya rungumi bakwai ɗin ya zuba su a baya, ya tayar da mota.

Wata bakwai yana mafarkin wannan rana. Ga hanya, ga inji na ruri, karburato biyu na zuƙar iska. Gargadar hanya da ke kakkarya babbar mota, wannan shafa ta take yi tana wucewa. Itatuwan gawo suna gilmawa. Allura ta haura, ta haura, ta kwanta a ƙarshe. Bai ji daɗin komai ba. Ranar kawai yake kallo ta tagar dama, tana zamewa.

Ya wuce ƙauye na biyu, sai tsamin nonon ya taso. Ba na da ba. Sabo, mai ɗumi, da ƙanshin man shanu.

Kujerar baya ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

Kacau.

Yanzu ya gane. Ba noti ba ne. Mundaye ne.

Bai waiga ba. Ya kafa ido a hanya, yana karanta Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama, yana kai rabi yana mantawa. Bayan motar ya yi nauyi, har ya ji sabon sifirin yana kuka.

Sai aka ɗaga ƙarfe ɗaya a baya, aka ajiye a hankali.

"Ɗaya."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da ƙeyarsa.

"Biyu."

Gumi ya shiga idonsa. Bai iya sakin sitiyari ya share ba.

"Ukku."

Idonsa ya ci amanarsa, ya leƙa madubi. Ba fuska. Wuya kawai ya gani, dogo, ya lanƙwashe a ƙarƙashin rufin motar, kan yana can wani wuri da madubin bai kai ba. Da hannu siriri, mundaye har gwiwar hannu, yana shafa ƙarafan.

"Shidda. Bakwai."

Shiru.

Injin kaɗai ke ruri.

Aka tattara ƙarafan, aka sake.

"Ɗaya."

Sau uku tana ƙirgawa. Kowane karo shirun bayan bakwai ya fi na baya tsawo.

Gindin rana ya taɓa ƙasa lokacin da ya hango rijiyar. Ya ratse bai rage gudu ba, rairayi ya kama ƙafafun motar, ta yi ta haƙa, ta yi ta ja, ta faɗa cikin tsohon raminta kusa da kututture. Injin ya mutu. Ba kowa a wurin. Ko kaza babu.

Ya kama ƙofa. Ta ƙi buɗewa.

"Saura guda."

"An ƙera shi," ya ce. "Wallahi ban san inda yake ba. Na kawo miki sababbi, sun fi..."

"Saura guda."

Rabin rana ya shige. Ya tuna ƙirjin Lea, yadda yake ɗagawa da ƙyar. Duk wayonsa na makanike ya ƙare, bai da abin musanyawa. Sai ya fashe da kuka kamar yaro.

"Inna, ni na yi laifi, ba ita ba. Ita tuwo kawai take kawo mini. Abin da ya rage ki cire a jikina."

Mundaye suka yi kacau, a hankali, suna matsowa.

Hannun ya zuro ta tsakanin kujeru. Sanyi gare shi kamar ruwan randa. Ya wuce kafaɗarsa. Ya wuce ƙirjinsa, ya ɗan tsaya a nan, har Fidèle ya rufe ido. Sannan ya sauka, ya dafa gwiwarsa ta dama, ƙafar da ya taka totur da ita.

"Takwas."

Ƙofa ta buɗe da kanta.

Ya faɗo waje, ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta naɗe a ƙarƙashinsa kamar tsumma. Da gwiwar hannu ya ja jiki har bakin rijiya, bai waiga ba ko sau ɗaya. A nan mutanen ƙauyen suka tsince shi bayan sun idar da sallar magariba.

Washegari aka kawo shi Dogon Dutsi a amalanken shanu. Tabita ta gaya masa cewa daidai kiran magariba Lea ta ja dogon numfashi, ta ce tana jin yunwa. Kafin sati ta miƙe.

Ƙafar Fidèle ba ta sake jin komai ba. Bai ƙara tuƙa mota ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da gyara a zaune, da kunne da hannu, kuma ba wanda ya fi shi a garin. Sai dai in direba ya ce masa akwai wata 'yar ƙara a baya da aka kasa ganowa, sai ya ajiye sifana ya ce a kai wa wani. Duk ranar kasuwa Tabita kan sayi nono ta ba masu komawa wajen Tibiri su kai wa motar, ba ta taɓa faɗa wa fada na cocinsu ba, Fidèle ma bai taɓa tambaya ba.

Masu son tsokana kan tambaye shi ko yana kewar gudun nan da ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Sai ya ci gaba da aikinsa. Da yamma dai za ka gan shi a bakin rumfa, sandarsa a gefe, ya karkata kunne wajen kwanar coci, har sai ya jiyo Lea ta taho da tuwo a guje, ƙafa biyu suna dukan ƙasa.