Kaskon Turaren Kubra

"Kubra, ki gaya mini gaskiya... kin gaji da ni ne?"

Tana durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwo, maganar mijinta Idrisa ta sa muciyar ta tsaya cak a hannunta.

"Haba Malam! Wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da ke ci mini rai ce! Tun da aka fara tsinkar tattasai rabona da jin ƙamshin turarenki. Ga kaskon can, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki."

Ta sunkuyar da kai. Tun suna amarya da ango suke da wannan yare tsakaninsu. In ta zuba turaren wutan da mahaifiyarta ta haɗa mata, irin na matan Barno, tun daga ƙofar gida yake sanin an yi masa maraba, ya shigo yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ko don su Babanki sun koma garinku Damasak?" Muryarsa ta yi sanyi. "In can zuciyarki take, ki faɗa mini, sanyin idona. Ba zan riƙe ki dole ba."

Wayyo Allah! Shi da ya tarbe su lokacin da suka tsallako kogin Komadugu suna gudun hijira, ba su da ko tabarma, yau shi ke zaton za ta bar shi? Hawaye suka zubo mata.

Abin da ke damunta jini ne. Al'ada ta zo ta ƙi tafiya. Sai ta ɗauke kwana biyu, Kubra ta yi wanka da murna, sai ga shi ya dawo guda-guda. Ko sallarta ta rasa yadda za ta yi da ita. Ta kai kuka wurin Ya Zara, gwaggon Idrisa wadda ta riƙe shi tun yana maraya, tsohuwar ta yi tsaki.

"Zafin tattasai ne, ƴar nan! Mace ta wuni cikin shanya tana shaƙar yaji, ina jini zai kwanta? Ki sha jiƙon tsamiya, in kaka ta wuce zai wuce. Kuma ki kama bakinki, maganar mata ba a kai ta kunnen namiji."

Kubra ta kama bakinta. Amma ba kunya kaɗai ba ce, tsoro ne. A sansanin gudun hijira ta ga wata maƙwabciyarsu da ta fara da irin haka, aka ce ciwon daji ne a mahaifa, kafin damina an binne ta. Gani take ranar da ta furta, ranar abin zai tabbata.

Washegari da hantsi tana filin shanya a gefen garinsu Shetimari, ƙasa ta yi ja wur da tattasai. Ta sunkuya za ta ɗauki kwando, sai ta ji duniya na juyawa, kunnuwanta suka toshe.

"Malam..." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Ta farfaɗo a kujerar gaban motar ɗaukar tattasai, kanta bisa kafaɗar Idrisa. Ya cire babbar rigarsa ya rufe mata zanenta da ya ɓaci. Ya gani, ke nan. Yana ta ce wa direba, "Don girman Allah ƙara wuta, asibitin Difa za mu!"

A asibitin mata aka kai su gaban likitar mahaifa, Madam Zakiyya, wata doguwar mata mai tabarau. Ta ja fatar idon Kubra ta duba, ta girgiza kai.

"Fari fat! Tun yaushe kike zubar da jini?"

"Tun farkon tsinka..."

"Wata biyu ke nan fa! Me ya hana ki zuwa?"

"An ce zafin tattasai ne."

Likitar ta cire tabarau ta yi ƴar dariyar takaici. "Da tattasai na jawo haka, da babu macen da za ta rage a tsaye a duk bakin kogin nan. Ki saurare ni, ƙanwata. Jinin da ya wuce mako bai tsaya ba, ko ya zo tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan kwanciyar aure, ko yana zuwa da gudaji har kina jin jiri, wannan ba na jiƙo ba ne. Namu ne. A zo da wuri."

Aka shafa mata wani mai sanyi a mara, aka ɗora na'urar hoton ciki. Kubra ta runtse ido tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Buɗe idonki ki gani. Ɗan tsiro ne a cikin mahaifa, bai kai ƙwallon dabino ba. Za mu cire shi, mu aika a bincika don hankali ya kwanta, amma bai yi kama da abin da kike tsoro ba."

"Haihuwa fa?" Kubra ta tambaya.

"Mahaifarki lafiya lau, in Allah ya kawo rabo."

Kubra ta fashe da kuka, irin kukan da mutum ke yi in an sauke masa dutse daga ƙirji. Idrisa, da aka kira shi ciki, ya miƙa hannunsa. "Madam, in jini take buƙata ku ɗebi nawa duka!"

"Ajiye abinka, angon Kubra. Ga magani, kai kuma ka riƙa sayo mata hanta da zogale."

Da suka rage su biyu ya riƙe yatsunta. "Ni ina can ina kishi da Damasak, ashe ke kina nan kina ƙarewa a gabana. Me ya sa, Kubra?"

"Tsoro na ji... kar ka rasa ni, kar in rasa ka."

"To daga yau ciwonki nawa ne. Ko ƙaya kika taka, ni za ki fara gaya wa."

An yi aikin, sakamako ya dawo babu mugun abu, jini ya ɗauke ɗif. Ya Zara dai ba ta ce a yi haƙuri ba, girma ya hana. Sai dai ranar da Kubra ta warware sarai, da la'asar, tsohuwar ta ɗauko kaskon nan ta wanke shi tas, ta zuba garwashi, ta dire gabanta.

"Ungo. Ni na tafi gidan biki, kar a jira ni."

Idrisa ya dawo daga lambu da fartanya a kafaɗa. Yana sa ƙafa a ƙofar gida ya tsaya cak, ƙamshin ya tarbe shi. Kubra na leƙensa ta labule, ta ga ƙaton namiji yana goge ido da hannun riga.

"Malam, kuka kake?"

"Ni? Wane kuka!" Ya ja hanci, yana dariya hawaye na zuba. "Zafin tattasai ne."