Naman Bikin Sausan

Ranar Alhamis da hantsi, ana gobe ɗaurin auren Sausan, gidan mahaifiyarta Hajiya Mubarka da ke bayan garin Gallala ya cika maƙil da mata. Wasu na murza kuskus, wasu na daka barkono, amarya na ɗaka an cuɗe ta da lalle. Hajiya na tsakar gida tana ba da umarni, don a tsibirin Jarba kaf ba a yi macen da ta kai ta son a ce bikin gidanta ya fi na kowa ba.

"Ulfa! Ke Ulfa! Zo ki buɗe ɗakin ajiya a fito da naman nan ya saki."

Ulfa matar ɗanta Munzir ce, 'yar birnin Tunis, watanta bakwai da aure. Hutu suka zo, su sha iskar teku su kuma yi biki. Ranar da suka iso Hajiya ta danƙa mata mabuɗin ɗakin ajiya, wanda a wajenmu ba ƙaramar karramawa ba ce ga sabuwar suruka. A ɗakin nan firiza take, cikinta naman raguna uku da Hajiya ta shekara tana kiwo da hannunta. Tun da aka yanka su ta kafa doka, ko leƙawa kada wanda ya yi.

Ulfa na tura ƙofar ta ja da baya tana toshe hanci. Wari ne ya buso tsakar gida, irin wanda ke sa ido ruwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta faɗa ɗakin da gudu ta ɗaga murfin firizar. Naman ya yi kore, yana iyo cikin ruwan jini. Wayar firizar kuwa ga ta nan yashe a ƙasa, soket ɗin bango fayau ba komai a jikinsa.

Taɓarya ta tsaya a hannun mai daka. Ni da nake ba ku labarin nan ina wajen.

Asalin abin mota ce. Da Munzir da Ulfa suka sauka daga jirgin sama, Ulfa ta ga wata farar mota mai lantarki a wajen masu ba da haya, ta ce ita take so, ba hayaƙi ba ƙara. Yarinyar da ke kan tebur ta ce musu wajen caji ba matsala. Ashe matsala ce babba. Wuri ɗaya na cikin wani otal, sai baƙinsu kaɗai ake bari. Ɗayan na cikin gari sun je sau biyu suna tarar da shi a lalace. A gida kuwa wayoyin wuta tun na zamanin marigayi mahaifin Munzir ne, da an jona motar sai wutar gidan ta ɗauke. Soket ɗaya ne mai ƙarfi, na firiza, tagar ɗakin kuma na kallon titi.

Ran Litinin Munzir ya lallaɓo ya karɓi mabuɗin a hannun matarsa. "Awa biyu kacal, masoyiya. Batir saura kashi tara, ba abin da zai sami naman." Awa biyu ta zama yini. Da yamma abokansa suka yi ta danna masa hon za su bakin teku, ya fizge wayar motar, ya ja ƙofa ya kulle, ya miƙa wa Ulfa mabuɗi. Firiza kuwa bai sake tuna ta ba, ga zafin watan Agusta.

Hajiya ta juyo a hankali, idanunta jajur.

"Wa ke riƙe da mabuɗin nan?"

"Ni ce, Umma."

"Motar wa ake jonawa a wuta kamar dutsen guga?"

"Umma, ki yi..."

"Rufe min baki! Raguna uku! Baƙi ɗari huɗu gobe, dangin ango tun daga Zarzis! Me zan zuba musu a kan kuskus, tayar motarki? Na ɗauke ki 'ya, ashe abin kunya kika zo ki ja min a garin ubana!"

Munzir na tsaye a bakin zaure. Ulfa ta ɗaga ido ta dube shi. Shi kuwa gogan naku ya sunkuyar da kai yana latsa waya, wai shi saƙo ya shigo. Ƙato guda mai gemu, injiniya a birni, amma muryar uwarsa ta mayar da shi ɗan shekara shida. Ta jira, ta ƙara jira, bai ce uffan ba. Sai ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Haƙurin me? Munzir! Ɗauke ta ka kai ta Ajim ta hau jirgin fito, ta koma gidan ubanta. Idan ta kwana a gidan nan, ban yafe maka ba!"

Sausan ta fito da lalle a hannu tana kuka tana roƙo, Hajiya ko kallonta ba ta yi ba. Abin da ya fi girgiza mu shi ne Munzir ya shiga ɗaki ya fito da akwatin matarsa.

Suka kama hanyar Ajim a motar. Batir saura kashi shida, don tun Litinin suke yawo a kansa. Ya kashe na'urar sanyi, suka yi sharkaf da gumi. Motar ta fara ƙyafta jar wuta, ta rage gudu, ta yi ta rarrafe, daga ƙarshe ta tsaya cak a tsakiyar gonakin zaitun.

Munzir ya bugi sitiyari. "Kai! Wannan wace irin masifa ce? Ulfa, ki gane, idan Umma ta huce zan yi mata bayani. Kwana biyu kawai za ki yi a gida, sai in zo..."

"Kamar awa biyun firiza?"

Ulfa ta juyo ta dube shi, ta ci gaba.

"Ka san me ya sa ban tona ka ba? Na ji tsoron bakin uwa ya kama ka ana gobe auren ƙanwarka. Na ce bari in tare maka na minti ɗaya, kafin ka tattaro ƙarfin halinka. Ina durƙushe ina jiran in ji muryarka, sai na ji ƙarar akwatina a ƙasa. Ba zagin Umma ne ya ƙona min rai ba, Munzir, ita tana da gaskiyarta. Kai ne."

Ta buɗe ƙofa, ta ciro akwatinta, ta kama tafiya a ƙasa cikin rana, ta nufi mashigar jirgi. Ya bi ta da kallo tana jan akwati a kan tsakuwa, ko waiwaye babu. A nan ne abin ya dake shi, ya gane cewa in ta hau jirgin nan ba za ta dawo ba har abada. Ya fito da gudu, takalmi ɗaya ya cire, ya sha gabanta ya zube a kan kwalta yana kuka wiwi.

"Na ci amanarki. Don Allah ki bi ni mu koma, ki ji abin da zan faɗa a gaban kowa. In kin ji, kika ce tafiya za ki yi, ni zan raka ki har ƙofar gidanku."

Da ƙyar ta yarda. Wani tsoho mai akori-kura da ya kai tukwane kasuwa ne ya kwaso su. Haka suka sauka a ƙofar gida, ciyawar shimfiɗar tukwane duk a jikinsu. Munzir ya tsaya a tsakiyar mata.

"Umma, ni ne. Ni na karɓi mabuɗi, ni na cire firiza na jona mota, ni na manta. Ulfa ba ta taka ɗakin nan ba tun Litinin."

Wata tsohuwa ta saki salati. Hajiya ta buɗe baki ta kasa rufewa, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Kai? Kana tsaye ina zagin 'yar mutane, ka yi shiru? Har ka ɗauko mata akwati?" Ta juya wajen Ulfa. "Ke kuma kin sani?"

"Na sani, Umma."

"Wayyo ni Mubarka! Na kori mai rufa min asirin ɗa, na bar mai laifi yana min fuskar salihai!" Ta rarrafa ta kama hannun surukarta tana kuka. "Ki yafe min, 'yata. Naman banza, har nawa yake? Yau da na yi asarar da ta fi raguna ɗari."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Wannan ta aiko da cinyar rago, waccan kaji huɗu, masunta suka kawo kwanduna biyu na kifi. Baƙin Zarzis suka ci suka yi hamdala, ba wanda ya san an yi wani abu. Munzir kuwa Hajiya ta sa shi ya haƙa rami bayan gida ya binne naman shi kaɗai, sannan ya wanke firiza a gaban mata suna yi masa dariya. Motar sai da masu ita suka turo babbar mota ta ɗauke ta.

Ulfa ta yafe masa, amma sai da ya yi wata guda cur yana lallashi kafin ta sake yi masa dariya irin ta da. Haƙurinta ya saya mata matsayin da ba wata suruka a Gallala da ta taɓa samu. Ku kuma samari, ku ji da kyau: kuskure kowa na yi, ana kuma yafe shi. Amma wadda ta durƙusa ta ɗauki laifinka don tana son ka, kada ka bar ta a durƙushe ko na minti ɗaya.