Katakon da Malam Shu'aibu Ya Bari

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, haƙuri kuwa ko ƙanshinsa ba ku taɓa ji ba. Yaro zai tashi da safe, bai gai da uwarsa ba ya riga ya gai da waya. Ya zauna yana shafa gilashi da babban yatsa, in ka yi magana ya ce kasuwa yake ci. Kasuwar da ba rumfa, ba maƙwabci, ba wanda zai kalli tsabar idonka ya ce ka ji tsoron Allah. To ku zauna ku ji abin da ya faru a gidan marigayi Malam Shu'aibu mai katako, nan unguwar Ali Kazaure a Jos, in har kuna da kunnen ji.

Malam Shu'aibu a kasuwar Katako ya tsufa. Da ya rasu ya bar matarsa Inna Ladi da 'ya'ya biyu, Sharafaddeen babba da ƙanwarsa Amatullahi mai ɗinki. Bai bar dukiyar a zo a gani ba, amma ya bar abu ɗaya da kowa a gidan ya sani. Tun Amatullahi tana firamare ya zaɓi katakon maɗaci mai kyau, ya jera shi a wani kango da ya fara ginawa can Rikkos, ya sa ƙananan itatuwa a tsakani don iska ta riƙa ratsawa. Ya ce kayan ɗaki a wuyan uba suke, kuma ko bayan ransa ba za a ce 'yarsa ta shiga ɗakin miji da gadon filawud ba. Shekaru suka yi ta wucewa, katakon yana bushewa yana ƙara ja.

Wanda ya fito neman Amatullahi kafinta ne a Katako, sunansa Qudus. Bayarabe ne, amma tun zamanin haƙar kuza kakansa ya zauna a Jos, Hausar da ke bakinsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Teburin keken ɗinkinta ta kai masa gyara. Da ta mayar da shi gida sai ta tarar ƙafa ɗaya tana rawa, ta koma ta ce masa da gangan ya yi. Ya amsa cewa in ya gyara duka huɗun lokaci guda, wane dalili ne zai sake kawo ta? Daga nan aka fara. Bai tsaya zance a lungu ba, ya turo manyansa, aka sa rana, mahaifiyarsa Mama Adijat da 'yan uwanta suka kawo akwatunan lefe.

Sharafaddeen ne kaɗai ya ɓata rai. Ya yi difloma, bai samu aiki ba, bai kuma yarda ya zauna a rumfar ubansa ba, wai ƙurar katako tana sa shi mura. Abokansa 'ya'yan Rayfield ne, unguwar masu kuɗi, masu yawo da motocin iyayensu. Ya ce ƙanwarsa ba za ta auri mai warin gam ba, kuma ba namu ba. Inna Ladi ta ce masa yaron yana salla kuma yana da sana'a, a cikin biyun nan wanne ne ya fi shi? Amma bai haƙura ba. Abin da yake taƙama da shi guda ne: kafin ya rasu, Malam Shu'aibu ya ce ranar ɗaurin auren Amatullahi yayanta ne zai ba da ita.

A wajen abokan nan ya jiyo labarin kirifto. Yadda aka yi min bayani, kasuwa ce a cikin waya ta wasu kuɗi da ba a taɓa su da hannu. Kana buɗe asusu da sunanka da hotonka, amma fanko ne sai ka zuba masa wani abu. Zubawar kuwa, za a haɗa ka da wani ɗan kasuwa da ba ka sani ba, ka tura masa naira ta banki, shi kuma ya sakar maka nasa kuɗin wayar. Sharafaddeen ya buɗe asusun, ya yi ta kallonsa babu ko sisi a ciki, abokai suna tsokanarsa da oga mai rumfa ba kaya. Ya rantse kafin bikin nan sai ya sayi mota, kowa ya san waye babba a gidan.

Makullin kangon Rikkos biyu ne. Ɗaya yana hannunsa, ɗayan Inna Ladi ta ba Qudus don ya je ya auna katakon, tunda shi zai haɗa kayan. Wata ranar da matan gidan suka tafi suna, Sharafaddeen ya kira Oga Nwabueze, wani mai haɗa ƙofofi da kujeru a hanyar Bukuru wanda ya daɗe yana sayen katako a hannun ubansu. Ya ce masa gida ne suka yanke shawarar sayarwa. Mutumin ya ga ɗan Malam Shu'aibu da makulli a hannu, bai kawo komai a ransa ba. Aka loda katakon a a-kori-kura.

Wajen biya ne Sharafaddeen ya yi wayon da ya kashe shi. Saƙon bankinsa a wayar Inna Ladi yake shiga, don da layinta aka buɗe masa tun yana ɗalibi, kuma Amatullahi ce mai karanta mata saƙo. Saboda haka ya ce wa Oga Nwabueze kada ya turo masa, ya ba shi lambar asusun ɗan kasuwar nan na cikin waya ya ce ya tura can kai tsaye. Aka tura. Sharafaddeen ya danna wurin da ake cewa an biya, ya zauna yana jira yana kaɗa ƙafa.

Ba abin da ya shigo. Ashe dokar wurin ita ce sunan wanda ya turo kuɗi dole ya zama sunan mai asusu, saboda ɓarayi. Ɗan kasuwar ya ga an rubuta Sharafaddeen a can, kuɗi kuma sun fito daga wani Nwabueze, sai ya ƙi sakin komai, ya kai ƙara wurin masu kasuwar. Aka riƙe cinikin. Sharafaddeen ya yi ta rubuta musu Turanci suna ba shi amsa da Turancin da ya fi nasa tsawo, har ya gaji ya daina buɗewa. Ga katako ya tafi, ga asusu fanko.

Qudus ne ya fara ganin kangon wayam, ranar da ya je ɗaukar katakon. Ko shagonsa bai koma ba, ya zo ya durƙusa gaban Inna Ladi ya faɗa mata. Ta ɗora hannu a ka. Kafin ta ce wani abu Sharafaddeen ya fito daga ɗakinsa ya ce ai ba sai an je nesa ba, kwaɗon ba a fasa shi ba, kuma kowa ya san baƙon da aka ɗauki makulli aka ba. Bai tsaya nan ba. Washegari ya tafi Katako da rana tsaka, ya tsaya a bakin shagon Qudus, gaban masu yankan katako da masu turin amalanke, ya kira shi ɓarawon marayu. A kasuwa suna shi ne jari. Kafin mako ya zagayo, masu ba Qudus aiki sun fara zuwa suna karɓe kayansu.

Inna Ladi ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta so ta yarda Qudus ne, amma uwa ba ta iya kallon ɗan cikinta ta ce shi ne. Aka kira Baffa Mahdi, ƙanin marigayi, ya saurari kowa, ya ce tunda zargi ya shiga, a mayar da lefe a huta.

Qudus ya aiko a faɗa wa Amatullahi cewa zai sayar da injinsa ya sayi wani maɗacin ya mayar, don a zauna lafiya. Ta sa hijabi ta same shi a shago, ba ta ko zauna ba.

“Ka ɗauka?” ta tambaye shi.

“Wallahi ban ɗauka ba.”

“To in ka sayi ko falanki ɗaya ka kawo gidanmu, ka amsa sunan da aka kira ka. Ni kuma ba zan auri ɓarawo ba, ko na gaske ko na ƙarya. Ka riƙe injinka, Malam kafinta. Tebur ɗina ma har yanzu rawa yake.”

Ya yi dariya idonsa da ƙwalla. Ta juya ta tafi.

A gida ba ta yi rashin kunya ba, wannan zan faɗa mata. Tana girki, tana wanke wa uwarta kaya, tana gai da yayanta ko ya amsa ko bai amsa ba. Amma duk wanda ya ce ta cire yaron a ranta, amsarta ɗaya ce: a kawo wanda ya gan shi da katakon. Sharafaddeen kuwa ya rame a tsaye. Oga Nwabueze yana ta kiransa a waya, shi kuma yana kashewa, don a zatonsa mutumin ya ji maganar satar ne zai tuhume shi.

Ranar da aka sa za a mayar da lefen, bayan la'asar, Baffa Mahdi ya zo da mata biyu masu ɗauka. Aka fito da akwatunan tsakar gida. Amatullahi ta fito ta zauna a kan babban, ta naɗe hannu.

“Tashi, ke,” in ji Sharafaddeen.

“Yaya, ba zan tashi ba. Baffa, ka yafe min, ban taɓa musa maka ba. Amma Baba ya yi ciniki da Qudus shekara da shekaru bai taɓa cewa ya ci masa ƙusa ɗaya ba. In za a mayar da kayan nan, a haɗa da ni a kai, don ni ma tasu ce.”

Baffa ya ce yarinya ba ta faɗa wa manya yadda za su yi. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa ba ta ce a yi komai ba, zama kawai ta yi. Inna Ladi ta rufe fuska da mayafi. Sharafaddeen ya ɗaga hannu zai fizgo ta, sai aka yi sallama a zaure.

Oga Nwabueze ne, da hularsa a hannu. Ya san gidan tun zamanin marigayi. Ya gai da Baffa, ya rusuna wa Inna Ladi, ya ce ta yi haƙuri ya shigo ba sanarwa, ya yi ta neman ɗanta a waya bai samu ba.

“Mama, kuɗin da na tura saboda yaronki, ya dawo akawun ɗina. Mutanen ya ce suna bai yi daidai ba, dole ya koma inda ya fito. Ni ba na cin abin da ba nawa ba. Malam Shu'aibu bai taɓa cuta na ba, ba zan cuci gidansa ba.”

Inna Ladi ta sauke mayafin a hankali. “Kuɗin me, Oga?”

“Na maɗacin Rikkos mana. Wanda kuka ce a sayar.”

Ba wanda ya kalli Oga Nwabueze, kowa Sharafaddeen yake kallo. Ya buɗe baki ya fara cewa niyyarsa ya juya kuɗin ne ya ninka, ya saya mata kayan waje waɗanda suka fi waɗancan. Inna Ladi ta ce ya rufe mata baki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sayar da katakon za ta iya yafewa, yaro ne ya yi wauta. Amma ya zauna yana kallonta tana kuka, yana kallon ɗan mutane ana ƙwace masa abinci a baki, kuma ya iya cin tuwo ya yi barci.

Ta ce wa Oga Nwabueze ya riƙe kuɗinsa ya dawo da katako. Ya sunkuyar da kai, ya ce rabi ya riga ya zama ƙofofi a wani gida a Rayfield, sauran rabin yana nan. Sai a lokacin Amatullahi ta tashi daga kan akwatin, ta shiga ɗaki, aka ji kukanta. Duk tsawon rigimar nan ba ta zubar da hawaye gaban kowa ba sai da ta ji an yanka katakon ubanta.

Ku da kuke ganin haƙuri wauta ne, ku duba. Yarinyar nan ba ta zagi kowa ba, ba ta gudu daga gida ba, ba ta kuma bar gaskiya don a ce mata 'yar kirki ba. Ta tsaya inda take har Allah ya kawo mai shaida da ƙafarsa. Wanda kuma ya nemi arzikin dare ɗaya da abin marainiya, ya ɓoye sunansa don kada a gane shi, ɓoyewar ce ta kawo shi fili.

An ɗaura aure a ranar da aka sa tun farko. Rabin katakon bai isa ba, sai aka cika da sabon maɗaci wanda bai yi ja ba tukuna, allon gadon ya fito kala biyu. Qudus ya ce zai shafa masa fenti ya saje. Amatullahi ta ce ko kusa, a bar shi haka, duk wanda ya tambaya za ta ba shi labari.

Sharafaddeen kuwa, Baffa Mahdi ya sa shi ya sayar da babur ɗinsa da wayar tasa aka sayi sabon katakon. Sharafaddeen ɗin ne ya turo shi a amalanke da hannunsa, ta tsakiyar Katako, har bakin shagon da ya tsaya ya yi ihu. A nan, da rana tsaka kamar wancan karon, gaban mutanen da suka ji na farko, ya ce ƙarya ya yi, shi ne ya ɗauka. Ranar ɗaurin aure kuma, da liman ya tambayi waye waliyyin amarya, Baffa Mahdi ne ya amsa. Ɗan da ubansa ya bar wa wannan girma yana can bayan sahu wajen takalma, ba wanda ya waiwaya ya neme shi.