'Yar Ƙofar Kumbo

A wani gari an yi wani tsoho mai tara ƙananan kumbuna na wasa, irin na labaran sararin samaniya. Duk wanda ya zo kallo sai ya ce masa, "A kalla da ido, ban da hannu."

Ran nan aka kawo wata yarinya makauniya. Ya fara, "A kalla da ido..." sai ya katse maganar.

Yarinyar ta ce, "Baba, yaya kamarsu take?"

Ya daɗe yana tunani. Can ya ɗauko wanda ya fi so, ya ɗora mata a tafin hannu.

Ta shafa a hankali, ta ce, "Baba, ga wata 'yar ƙofa a ƙarƙashi, tana buɗuwa."

Tsoho ya sunkuyo. "Shekara ashirin yana wurina ban sani ba. Nuna mini, jikata."